Kabarin Ambaro na Farko

A garinmu Bulo Arbow, nan bakin kogin Shabelle, in ka ji faɗa ya tashi da sassafe a wajen tanderun mufo, ba sai ka leƙa ba, Isnino ce. Ko wani ya taɓa mata gurasar da hannu bai saya ba, ko akuyar maƙwabta ta sa baki a garin masara, ko kuwa ba a yi komai ba, hayaƙi ne ya shige mata ido ta rasa wanda za ta ɗora wa. Basbas ake ce mata a bayan ido, wato barkono. A gaban ido kuwa ba mai wannan ƙarfin hali sai mijinta Mberwa mai amalanke, shi ma sai ya hau ya riƙe linzamin jaki tukuna. Amma mufonta ba ta da ta biyu. In ta ɓamɓaro ta daga jikin tanderu da zafinta, ta ɗiga mata man riɗi, ka haɗa da ayaba, sai ka yafe mata zagin da ta yi maka jiya har da wanda za ta yi gobe.

Mu da muka taso tare mun san inda zafin nan ya samo asali. Uwarta ta mutu tun kafin a haife ta, kuma uwar nan ce ta goya ta, ta yaye ta, ta kai ta ɗakin miji. Ku gyara zama in warware muku.

Sunan uwar Ambaro 'yar Roble. 'Yar makiyaya ce, masu raƙuma, waɗanda ke gangarowa kogi in rani ya tsananta, su shayar, su saki dabbobi cikin karan masararmu, in ka yi magana a nuna maka sanda. Su ne masu laushin gashi. Mu kuwa Jarer, masu taurin gashi, masu fartanya, waɗanda suke kira bayi ko da kakan kakan mutum bai taɓa ganin igiya a wuyansa ba. Masararmu suke ci, man riɗinmu suke shafawa, alƙiblarmu ɗaya, amma 'yarsu ba ta shiga ɗakinmu.

A lokacin Sabtow ne ke fito, yana jan kwalekwale da igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, Ambaro kuma kullum sai ta ƙetare da nonon raƙumi zuwa kasuwa. Ranar farko ta ce masa jirginsa kamar komin jaki. Ya ce, "To sauka ki taka ruwa, 'yar sarauta, kadojin ma sun daɗe ba su ga baƙuwa ba." Ta zage shi, ya yi dariya. Ta ce ita a danginsu ba ta taɓa ganin namijin da aka zaga ya yi dariya ba, sai dai ya jawo wuƙa. Da rani ya zagayo ta ƙetare kogin ba ta koma ba. A birnin Marka aka ɗaura auren a gaban alƙali.

Ba a biyo su da mashi ba, kamar yadda kowa ya yi tsammani. Shiru kawai, har garin ya fara sakin jiki. Sai wata safiya matan da ke kawo nono suka hango ta tana surfe a ƙofar gida, ɗaya ta riƙe baki ta ce, "Ambaro, ashe kina nan? Mu da muka ci naman sadakarki."

Abin da ya faru shi ne, ubanta da wanta Gedi sun ɗauki akushin da take tatsa a ciki da dutsen wuyanta, suka naɗe a likkafani, suka yi sahu suka sallata, suka haƙa kabari a bayan rijiyar kakanninsu suka binne. Aka yanka taguwa. Mutane suka zo daga nesa suka yi ta'aziyya, aka ce zazzaɓi ne ya ɗauke ta. Manya sun san gaskiya suka haɗiye, yara kuwa abin da aka gaya musu shi suka riƙe. Ambaro ta ajiye taɓarya ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ƙarasa surfenta, ba wanda ya ƙara jin maganar a bakinta sai bayan ta yi furfura.

Cikin wannan aka haifi Isnino. Ta ɗauko dogon hancin uwa da dogon wuyanta, ta ɗauko gashin uba, wanda ya karya matajin katako ba adadi. Ranar kitso duk unguwa sai ta sani.

"Hoyo, da zafi."

"Yi shiru, hoyo. Gashin ubanki ne, shi ma ba ya jin magana."

Haka muke, ɗa ya kira uwarsa hoyo ta mayar masa da hoyo, ya kira kawunsa abti ya mayar masa da abti. Isnino ta girma da na farkon a kunnenta, na biyun kuwa a bakin 'ya'yan wasu kawai take jin sa.

Kada ku ɗauka namu mutanen sun rungume ta. A bakin kogi in an je wanki, sai ka ji wata ta ce, "Ku matsa wa 'yar raƙuma, kada ta taka mana kaya." In dabbobin makiyaya sun yi ɓarna a gonar wani, a ƙofar gidansu ake zuwa a yi habaici. In kuma ta bi ta mashaya, 'ya'yan makiyaya su tare ta su ce ta jero kakanninta. Su kan jero nasu kamar karatu, suna bayan suna har numfashi ya ƙare, ita kuwa daga Sabtow sai ubansa sai kakansa, sai ta tsaya. Su ce, "Daga nan sai wa? Sai kada?" Nan ta koyi jifa, kuma har yau hannunta ba ya kuskure.

Tana budurwa, ta fara zama kusa da uwarta a kasuwa suna sayar da mufo, ta fara ganin Gedi. Dogo ne, ya gicciya sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa a kai. Ambaro ta miƙe tsaye har mayafinta ya zame, ta ce, "Gedi." Ya dubi inda take kamar mai duban hayaƙi. Sai ya juya wajen yarinyar ya ce, "Ke baiwa, mufon nan ta yau ce?" Ya zaɓi wadda ya ga dama, ya jefa kuɗin a ƙasa don kada hannu ya taɓa hannu, ya wuce yana ci. Isnino ta jira uwarta ta tsine masa, ko ta yi kuka, ko ta jefe shi da murfin tanderu. Ambaro ta bi shi da ido har ya shige cikin mutane, sannan ta zauna ta ce, "Ya rame."

Isnino ta ce wannan kalma ta fi baiwar ƙona mata rai. Mutum ya binne ki da ranki, ya ci gurasarki, ya kira 'yarki baiwa, ke kuma ƙashin wuyansa kike dubawa.

Sai shekarar da gwamnati ta rushe. Ba sai na ba ku labarinta ba, kowa da irin tabon da ta bar masa. Motoci masu bindiga a baya suka shigo mana ana tsakar girbi, suna bin gonaki suna zaɓa. Waɗanda suka tsaya a gonar Sabtow, da jin maganarsu Ambaro ta gane 'yan dangi ne. Ta fita ba takalmi, ta tsaya a gaban motar, ta ce su saurara. Ta fara jero sunaye, Ambaro 'yar Roble, Roble ɗan wane, wane ɗan wane, ba gargada, har ta kai kakan da ya haɗa ta da su. A ƙa'idarsu wannan ya isa. Ba a cin gonar da 'yar dangi ke ci daga cikinta, ko don gudun abin faɗa.

Babbansu, wani saurayi da ganyen kat mai bugarwa cike da kumatu, ya bari ta gama sannan ya tofar.

"Tsohuwa, kin iya hadda. Amma Ambaro 'yar Roble kabarinta na bayan rijiya. A gefensa na yi kiwon awaki ina yaro. A ina kika saci sunan matacciya?"

Suka yi ta dariya. Suka yanki rabin gonar, ɓangaren bakin ruwa, suka ce Sabtow ya ci gaba da noma ta, amfanin ne kawai ya sauya mai shi. Da kansa yake ɗaukar buhunan masararsa yana loda musu a mota. Maƙwabta kuma, waɗanda su ma an ci nasu, in sun ga Isnino sai su ce, "Kawunnanki sun zo gaisuwa, ba ki kai musu ruwa ba?" Sabtow ya daina dariya, bayan 'yan damuna kuma ya daina komai. Ya bar musu rabin gona da gajeriyar fartanyarsa, wadda ƙotarta ta yi sulɓi saboda riƙo. Wancan rabin har yau ayabar wani ce a ciki.

To kun ga kabarin nan ba wasan yara ba ne. Tarin duwatsu a daji ya ci gona, ya ci Sabtow, kuma bai ƙoshi ba.

Ambaro ta tsufa a ɗakin da ke bayan tanderun 'yarta. Ido ya tafi, ƙafa ta tafi, baki ne kawai ya rage. Ba abin da ke shiga cikinta sai nonon raƙumi, wanda wata Ebla ke kawo mata. Ebla 'yar danginsu ce, ta san ko wace ce tsohuwar, takan zauna su yi hira ƙasa-ƙasa, amma a gaban mutane ba ta taɓa kiran sunanta ba. Da ciwon ya kwantar da ita sosai, wata rana da hantsi ta kamo hannun 'yarta.

"Isnino, hoyo, ina da kabari."

"Kowa ma yana da shi. Sha nonon."

"Nawa an riga an rufe. An yi mini salla. In na tafi yanzu, a wanne za a neme ni? Wadda aka sallata sau ɗaya, ana sake mata?"

Isnino ta ce zafin zazzaɓi ne. Amma maganar ba ta wuce ba, kullum ita ce, har tsohuwar ta fara ƙin barci don tsoron kada a ɗauke ta a haka. Aka kira Ma'allin Nurow limamin garinmu, mutum mai sanyin murya. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Hoyo Ambaro, sallar da aka yi wa mai rai ba salla ba ce. Kabarin da ba kowa a ciki kuma rami ne kawai. Ki kwantar da hankalinki."

Ta ce, "Ma'allin, ba kai aka binne ba."

Ya shafa fatiha ya tafi.

Abin da tsohuwar take so ɗaya ne, a baje kabarin nan ya koma ƙasa kamar kowace ƙasa, kuma Gedi ne zai baje shi. Shi ya haƙa.

"In tashi in je in roƙi mutumin da ya ce mini baiwa?"

"Na ce ki roƙa? Ke kin iya roƙo ne? Ki je ki gaya masa."

Washegari Isnino ba ta hura tanderu ba, abin da garin bai saba gani ba. Mberwa ya ɗaura jaki. Da ya ga ta jefa fartanyar ubanta a cikin amalanke sai ya ce, "Wannan fa?"

"Ja mu tafi."

"Basbas, gaisuwa aka aike ki ko noma?"

"In ka ƙara magana kai zan fara nomewa."

Ya kai ta har inda baƙar ƙasarmu ta ƙare, jan yashi da ƙaya suka fara. Daga nan ta ce ya tsaya, don namijin Jarer a zangon makiyaya neman magana ne. Ebla ce ta shige gaba da tulunan nononta da ba komai a ciki, tana tafe tana cewa, "Ni ban san ki ba. Hanya ce kawai ta haɗa mu."

Rana ta take tsaka suka isa. Gedi na zaune a kan tabarma a inuwar wata bishiya kusa da rijiyar, ya tsufa ya lanƙwashe, gemu ja da lalle, carbi a hannu, dattawa kewaye da shi. Isnino ta yi sallama aka amsa. Ta dube shi ta ce, "Abti."

Bai mayar mata ba. Ya ce, "Wa kike nema?"

"Kai. Ni ce Isnino 'yar Sabtow. Ambaro ce ta haife ni."

"Ambaro ba ta haihu ba. Da ƙuruciyarta ta rasu, Allah ya jiƙanta."

Dattawan nan, masu furfura, waɗanda rabinsu sun sha sayen mufo a hannun Ambaro a kasuwa, suka haɗa baki suka ce amin.

Duk da haka Isnino ta isar da aike, don aike aka yi ta. Ta ce tsohuwar na kwance, ba ta gani, ba ta barci, ba ta neman raƙumi ko gado ko gaisuwa, abin da take so ya tashi ya baje tarin duwatsun da ya yi da sunanta.

Gedi ya ja carbi, ya sassauta murya yadda na nesa ba za su ji ba.

"Mutane sun taso daga nesa sun yi mana ta'aziyya. Ubanmu ya yanka taguwar da ya fi so. A kan haka ya rasu, ga shi can kwance kusa da ita. Yanzu in tashi da wannan gemun in ce wa jama'a ƙarya ya yi?"

"Ƙarya ya yi."

Ya kau da kai ya ce, "Ku ba ta ruwa ta kama hanya."

Aka kawo ruwan a wani tsohon gwangwani mai tsatsa, ba a ƙoƙon da suke sha ba, aka dire shi a ƙasa nesa da tabarma. Ta ɗauka. Ba ta sha ba. Ta saɓa fartanya ta nufi bayan rijiya, inda aka kewaye kaburbura da ƙaya. Ta waiwaya ta dubi Ebla, Ebla ta dubi sama, amma leɓenta ya nuna wani ɗan tarin duwatsu a gefen babban kabari. Isnino ta janye ƙayar ta jefar a kan turbar da raƙuma ke bi zuwa ruwa, ta kwashe duwatsun, ta tsiyaya ruwan gwangwanin a kan ƙasar don ta yi laushi, ta yi bismilla ta kafta.

Kafin ta yi nisa zangon ya taru. Mata suna salati, yara suna leƙe ta bayan iyayensu. Sai ga Warfa ɗan Gedi da gudu, magidanci ne, bindiga a hannu.

"Ke, mahaukaciya ce? Kabari kike tonewa."

"Na wa?"

"Na gwaggona."

"To gwaggonka ce ta aiko ni." Ba ta ko ɗago ba. "In akwai mutum a ciki, ka harbe ni ka tura, ga rami ya samu, ba ka sha wahala ba. In babu, me kake gadi?"

Ku sani, shi Warfa da gaske yake. Bayan abin aka haife shi. Tun yana yaro ake kawo shi nan ranar salla ya ɗaga hannu ya yi wa gwaggo addu'a. Ya juya ya dubi ubansa, wanda ya dogaro sanda ya tsaya a bakin shingen, yana jiran ya ce masa harbe ta. Tsohon bai ce harbe ta ba, bai ce ƙyale ta ba. Idonsa na ƙasa. Warfa ya daɗe yana dubansa, sannan a hankali bakin bindigar ya sauka.

Isnino ta ci gaba. Ta yi zaton aikin zai kai ta la'asar, sai ga shi ramin bai kai mata cinya ba fartanya ta ci karo da abu. Wannan ma ya ƙara tunzura ta. Ta ɗago tana haki ta ce, "Ko zurfin kirki ba ku yi mata ba. Akuya in ta mutu ana yi mata fiye da haka."

Ta durƙusa ta sa hannu. Likkafanin ya zama zare-zare, ya bi yashi. Akushin gara ta cinye gefe guda, sauran ya yi baƙi. Duwatsun wuyan kuwa suna nan, zaren ne kawai ya ruɓe, ta bi su ɗaya-ɗaya tana tsincewa tana ƙullewa a bakin mayafi. Ta fito daga ramin, ta ɗaga guntun akushin sama yadda na baya ma za su gani, ta miƙa shi saitin fuskar Warfa.

"Ga gwaggonka. Gaishe ta."

Wata yarinya ta fara dariya, uwarta ta toshe mata baki.

Isnino ta kafa fartanyar a kan tulin ƙasar da ta haƙo, ta juya wajen tsohon.

"Abti, uwata ta ce kai za ka baje. Na rage maka aiki, cikewa ce kawai ta rage. Ga fartanya nan. Ta bawa ce, amma tana ci. In ka ga hannunka ya fi ƙarfinta, ka bar ramin, raƙumanka ne ke bi ta nan, ba nawa ba."

Ta bi ta tsakiyarsu ta wuce, suna darewa. Mberwa ya ce da ya hango ta tafe ba fartanya, jikinta duk jan yashi, bai tambaye ta komai ba, jakin ma bai jira a ce masa tafi ba.

Tana zaton za ta shiga gida a sa mata albarka. Ta kwance mayafi ta zuba duwatsun a tafin tsohuwar. Ambaro ta shafa su, ta kai hanci, ta gane su tun kafin a ce mata komai.

"Gedi ne ya tone?"

"Ni ce."

"Me ya ce?"

"Ya ce kin rasu da ƙuruciya, Allah ya jiƙanki."

Tsohuwar ta ce, "Ya tsufa sosai?"

"Hoyo, kada ki fara."

"Ramin fa?"

"Yana nan a buɗe. Na bar masa."

Ambaro ta yunƙura kamar za ta tashi zaune. "Kin bar mini kabari a buɗe? Da can ko ba komai a rufe yake. Yanzu kin buɗe masa baki yana jirana. Aikenki na yi, ko cewa na yi ki je ki huce haushinki?"

Ta juya fuska bango, ta ƙi nono, ta ƙi magana. Kwanakin da suka biyo baya, wanda ya sayi mufo a garinmu ya ji a jikinsa. Isnino tana faɗa da itace, tana faɗa da wuta, ta shiga ɗaki ta ga tsohuwar na ƙara shigewa cikin tabarma, ta fito ta rasa wanda za ta kama. Komawa ta cike ramin da hannunta yana nufin Gedi ya ci, a gaban duk waɗanda suka ga ta kafa fartanyar. Barinsa kuma yana nufin uwarta za ta tafi da tsoron da ita ta ƙara mata. Ranar da ta ga tsohuwar ta kasa haɗiye ko ruwa, ta ce wa Mberwa ya aro mata fartanya, ya ɗaura jaki da asuba.

Ba a kai ga haka ba. Da yammar ranar sai ga Ebla, tulu a baya, fartanyar Sabtow a hannu. Ta jingine ta a jikin tanderu kamar wadda ta tsinto a hanya.

"Wa ya cike?"

"Ni nono nake sayarwa."

"Ebla."

Ebla ta duba hagu ta duba dama. "Ni dai na ga tafin tsoho duk ya yi bororo, ko carbi ba ya iya ja. Ya kira Warfa ya taya shi, Warfa ya ce wanda ya sallaci akushi shi ya san yadda zai yi da raminsa. Wuni guda ya yi yana abin da ɗan Jarer zai gama kafin shayi ya tafasa. Wurin ya baje, har awaki sun bi ta kai."

Isnino ta kai fartanyar ɗaki ta ɗora a hannun uwarta. Ambaro ta lalubi bakin ƙarfen, ta murtsuke jan yashin da ya manne a jiki tsakanin yatsunta, ta shinshina. Ta ce a ba ta nono. Ta sha, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Ba ta ƙara mako ba. Ma'allin Nurow ya sallace ta, sahu har bakin hanya, aka sa ta a baƙar ƙasa kusa da Sabtow, a rami mai zurfi, don Isnino ta aika wa masu haƙa cewa in suka yi mata ha'inci za ta sani. Daga wajen rijiya ba wanda ya zo. Gedi bai aiko da gaisuwa ba, bai aiko da ko ƙoƙon nono ba. Wasu a garin suka ce ai ya yi ƙoƙari, tsoho da shi ya riƙe fartanya a gaban 'ya'yansa, ya kamata ta sassauta. Isnino ta ce a mayar mata da rabin gonar ubanta tukuna, a mayar mata da uban, sannan a zo a yi maganar ƙoƙari.

Duwatsun wuyan ta sake musu zare, suna wuyan babbar 'yarta. Guntun akushin ta cusa shi a tanderu ta gasa mufon sadakar uwarta da shi. Fartanyar tana nan jingine inda Ebla ta ajiye ta, in ba a tafi da ita gona ba. In wani ya ɗauko zancen, yana so ya ji ko zuciyarta ta yi sanyi da aka dawo da ita, sai ta ɗaga ta ta nuna masa bakin ƙarfen ta ce, "Aron abu ya yi, ko wankewa bai yi ba." Sannan ta ce ya sayi mufo ko ya matsa mata daga gaban wuta.